Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumar birnin Damagaram a kan toka, ɓawon gujiya da ƴaƴan bedi da muke zubarwa

Zuwa ga shugaban hukumar birnin Damagaram, da shugabannin gundumomi biyar na birnin.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, ina neman izinin in gabatar muku da wata magana wadda na daɗe ina juyawa a raina. Ni tsohuwar malamar makaranta ce, na koyar da kimiyya shekaru masu yawa, kuma tun da na ajiye alli nake zama da wata ƙungiyar mata a unguwarmu ta Birni, masu matsar man gujiya da tuyar ƙuli-ƙuli da haɗa sabulu. Abin da nake roƙo shi ne hukuma ta fitar da wasu abubuwa daga lissafin shara ta mai da su cikin lissafin kayan sana'a: tokar itace mai tsabta, ɓawon gujiya, man suya da ya gama aiki, ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, da ƙwallon aduwa. Waɗannan duka daga tsiro suka fito, kowace rana ana kwashe su da amalanke zuwa juji ko a watsa su cikin kwata, alhali da su ake iya yin sabulun wanka da na wanki da man shafawa, waɗanda talakan garin nan yake saye da tsada daga nesa.

Ban koyi wannan a littafi ba tukuna sai da na gani a tsakar gidanmu. Kakata, Allah ya ji ƙanta, tana da wata tsohuwar tukunya da aka huda gindinta, a jibge bisa duwatsu uku a bayan madafa. Takan shimfiɗa ciyawa da tsumma a ƙasan tukunyar, ta cika ta da tokar karan hatsi, ta danna da tafin hannu, sannan ta riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana ɗiga cikin kasko, launinsa kamar na shayi. Na farko da ya ɗiga shi ne mai ƙarfi, shi take keɓewa domin sabulu, na baya kuma ta ajiye domin miyar kuka da dahuwar wake. Idan tana son ta san ko ya kai, sai ta tsoma gashin kaza a ciki ta ga ko zai soma narkewa, ko ta murza ɗigo ɗaya tsakanin yatsunta ta ji santsinsa. Daga nan sai a ɗora shi bisa wuta har ya ƙafe ya yi kauri, a zuba mai, a yi ta tuƙawa da muciya tun daga hantsi har la'asar, kumfa na tasowa tana kwantawa, har abin ya haɗe ya zama baƙin curi mai taushi. Da shi aka yi mana wanka, da shi aka wanke kawunanmu kafin kitso, kuma ban taɓa ganin ta sayi wani abu ba in ban da man.

Sai daga baya, a aji, na gane sunan abin da take yi. Idan tsiro ya ƙone, sinadarin fotash da ya tsotsa daga ƙasa ba ya bin hayaƙi, cikin toka yake zama, kuma yana narkewa a ruwa ya ba da wannan kaifi da santsi da muka sani. Idan aka dafa shi da mai na tsawon lokaci, sai ya farfasa man ya haɗu da shi, abin da ya fito shi ne sabulu. Sabulun fotash taushi gare shi, shi ya sa sabulun salo ba ya yin tauri kamar na kanti, wanda da soda ake yin sa. Ina faɗin wannan ne domin kada a ɗauka ina tallar wani abin al'ajabi. Aiki ne da aka san dalilinsa, ana iya auna shi, ana iya gyara shi, ana kuma iya ɓata shi idan aka yi ganganci.

Mutanen Gana da Yarabawan Najeriya ba su yar da tasu irin wannan sana'a ba. Baƙin sabulun da muke saye a kasuwar Dole muna kiransa sabulun Gana, da tokar ɓawon koko da ɓawon ayaba ake yin sa, wato da abin da manomi ya yar bayan ya cire amfaninsa, kuma yau har Turai da Amurka ana sayar da shi a matsayin kayan gyaran fata mai daraja. Mu ba mu da koko, amma muna da hatsi da gujiya da itatuwan da suka dace da ƙasarmu, kuma hannun da ya iya aikin bai ƙare ba tukuna, ko da yake yawancin masu shi sun tsufa.

Abin da ya farkar da ni shi ne rufe iyaka da aka yi bayan watan Yulin 2023. Matan ƙungiyarmu da suka koma yin sabulu da soda da manja da man alayyadi, waɗanda dukkansu daga kudu suke shigowa, sai suka wayi gari kayan sun yi wuyar samu, kuɗinsu kuma ya tashi, wasu suka kife tukwanensu har aka buɗe iyakar Najeriya a watan Maris na 2024. A cikin waɗannan watanni na ga uwa tana yanka sabulu ɗaya gida huɗu tana ɓoye uku, na ga ana sayen omo a ƙulle cikin leda gwargwadon wanki ɗaya. A lokacin ne wata dattijuwa daga cikinmu ta ce mu koma ga toka, muka koma, kuma abin da muka samu ya rufa mana asiri, duk da cewa bai kai yadda muke so ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma mun ga gaskiyar wannan magana da idonmu.

Sai dai, ranka ya daɗe, akwai wani wuri da nake so in tsaya sosai, domin nan ne irin waɗannan shirye-shirye suke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ba duk abin da ya rage bayan girbi ne shara ba. Karan hatsi da dawa abincin dabbobi ne a cikin rani, da shi ake yin darni da rumfa da gadon kara, kuma wanda aka bari a kwance cikin gona shi ne yake tare iska kada ta kwashe ƙasa, yake riƙe laima, gara ta ci shi ta mayar da shi taki. Harawa da kowar wake kuɗi ne a hannun manomi. Dusa ta tumaki ce, tunkuza kuma abincin mutane ce, da ita ake ƙuli-ƙuli da yajin kilishi. Idan aka ce a kafa sana'ar sabulu bisa ƙona karan gonaki, to, an cire wa akuya abinci daga baki, an kuma tsiraita ƙasar da dama ta gaji. Manoman Magarya da Matameye da Mirya sun sha wahala tun daga shekarun 1980 suna barin gawo da sauran itatuwa su tsiro cikin gonakinsu, har aikin nan na sassaben zamani ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, duniya ta zo tana koyo. Bai kamata wata sana'a ta birni ta zo ta ja su baya ba. Saboda haka ina roƙon a rubuta tun farko, cikin kowace takarda da hukuma za ta fitar, cewa ba a sare itace domin toka, ba a kuma kwashe kara daga gona domin ita. Abin da za a tattara shi ne wanda aka riga aka gama da shi, wanda ba dabba ba gona da ke jiransa.

Irin wannan kuwa yana da yawa a cikin gari. Kowane gidan burodi mai murhun itace yana fitar da toka kowace safiya. Haka masu balangu da tsire, masu tuyar ƙosai da fanke da awara, masu dafa abincin sayarwa a tasha, da gidajen biki. Wannan toka an riga an biya kuɗin itacenta, an ci moriyar wutarta, abin da ya rage kawai a hana ta haɗuwa da ƙazanta. Nan ne matsalar take, domin al'adar hura wuta da leda ta bi gidaje, wasu kuma suna jefa tsohon batir da robar takalmi da katakon da aka shafa wa fenti cikin murhu. Tokar da ta fito daga irin wannan wuta ba ta dace da jikin mutum ba, balle miyarsa. Na taɓa karɓar buhun toka daga wani mai sayar da abinci, da muka tankaɗe sai ga dunƙulen narkakkiyar leda da murafen kwalba da guntun batir a cikin rariya, dole muka zubar da buhun gaba ɗaya. Abin da hukuma za ta iya yi a nan ba mai tsada ba ne: a ajiye rabin tano, wato ganga, mai murfi a gidajen burodi da wuraren gashi da suka yarda, a yi masa alama, a faɗa musu cewa itace da gawayi da ɓawo kaɗai za a ƙona idan ana son a sayi tokar, sannan a ba masu amalanken shara rana ɗaya a mako da za su ɗauko ta dabam, ba tare da sauran tarkace ba. Da zarar toka ta zama abin da ake biya, ko da kuɗi kaɗan ne, mai murhu da kansa zai tsare tsabtarta.

Ɓawon gujiya, wadda ƴan'uwanmu na Kano suke kira gyaɗa, shi ma haka. Dattawa sun san lokacin da gujiya take kan gaba cikin abin da Nijar ke fitarwa waje, lokacin da ake da masana'antun mai a Matameye da Magarya, kafin farin shekarun 1970 da cutar da ta kama shukar su karya noman. Masana'antun sun tsaya, amma matsar mai ba ta tsaya ba, ta koma hannun mata cikin gidaje. A wurin injin ɓarza ana tara ɓawo tuli-tuli, wani a ba dabbobi ko a shimfiɗa wa kaji, mai yawa kuma iska ta watsa shi ko a cinna masa wuta a banza. Idan aka yi amfani da shi wajen suyar gujiyar da dafa sabulun kansa, ko aka curo shi da ɗan ƙullun rogo ya zama makamashi, an rage sayen itace, tokarsa kuma ta koma tukunyar tacewa. Ɓawo ɗaya ya yi aiki biyu ke nan.

Akwai kuma man suya. Duk wanda ya tsaya gaban kaskon ƙosai da yamma ya san man da aka yi kwanaki ana maimaitawa har ya yi baƙi ya yi kauri, yana hayaƙi tun wuta ba ta yi ƙarfi ba. Irin wannan mai ba shi da kyau ga cikin mutum, amma mai tuya ba za ta zubar ba, domin jarinta ne, sai dai ta ƙara sabo a kai. Idan akwai mai sayensa, za ta rabu da shi da wuri. Mu mun gwada: a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle, a wanke shi da ruwan gishiri mai zafi, sai warin ya ragu, ya yi sabulun wankin tufafi da na wanke-wanke mai kyau. Ba ma yin na wanka da shi, kuma ina so doka ta hana a yi. A ganina wannan ita ce riba mafi saurin samu cikin duk abin da na ambata, domin a tashi ɗaya an fitar da gurɓataccen mai daga abincin yara, an hana shi toshe kwata, an kuma sami sabulu mai araha.

Bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, asalinsa daga ƙasar Indiya ne, amma ya zama ɗan gari, babu titi ko makaranta ko harabar masallaci da ba ya ba da inuwa. Daga ƙarshen bazara zuwa faɗuwar damina ƴaƴansa suna zuba, masu shara suna share su da tsintsiya tare da ƙasa, ana tattakewa, ana ƙonawa. A cikin kowane ƙwallo akwai ƙwaya wadda man da ke cikinta yakan kai kashi 40 cikin 100. A Indiya an daɗe ana yin sabulu da wannan mai, kuma tunkuzar da ta rage bayan matsa taki ce da ke rage ƙwarin ƙasa a lambu, abin da masu lambun Mirya za su yi maraba da shi. Aikin yana son kula: a cire naman ɗan da wuri, a wanke, a shanya a inuwa har ya bushe sarai, domin idan ya yi fumfuna ya lalace, sannan a fasa, a sheƙe, a daka, a murza da ɗan ruwan zafi har mai ya fito. Da hannu kaɗan ake samu, yawancin man yana zama cikin tunkuza, shi ya sa ƙaramin injin matsa guda ɗaya a kowace gunduma zai sauya lissafin gaba ɗaya. Man bedi ɗaci da wari gare shi, ba a yin sabulu da shi zalla, ana gauraya shi ne da wani mai. Kuma wajibi ne a yi ta nanata wa iyaye cewa na shafawa ne da wanki, ba a ɗura wa yaro shi da sunan magani, domin yana iya sa jariri amai da suma har ya kai ga rasa rai.

Aduwa kuwa tamu ce tun kaka da kakanni. Yara suna tsotse zaƙin su yar da ƙwallon, awaki su ci su amayar da shi a turke, alhali ƙwayar cikinsa tana da mai mai kyau, na ci da na shafawa. A nan Damagaram akwai kamfanin Sahara Sahel Foods da ke sayen ƴaƴan itatuwan daji daga hannun matan karkara yana fitar da man aduwa, wanda ya nuna cewa abin yana yiwuwa a garin nan, ba sai a wata ƙasa ba. Ɓawon itacen da naman ɗan suna kumfa, da su iyayenmu suke wanke tufafi, amma ɓare itace yana kashe shi, don haka ƙwallon da ya faɗo kaɗai nake magana a kai. Wannan kumfa tana kashe kifi, bai kamata a zubar da ruwanta cikin tafki ba. Zogale ma, bayan an matse man ƴaƴansa, garin da ya rage yana kwantar da laka a ruwa mai dauɗa har ya yi garau, ko da yake ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta, sai an tafasa ko an sa magani. Soso kuma da ke hawa darni da kansa ya isa wanka da wanke-wanke, ya ruɓe ya koma ƙasa idan ya tsufa, ba kamar na roba ba.

Yanzu sai in zo ga abin da ya fi damuna, wato lafiyar masu yi da masu amfani. Ruwan toka mai ƙarfi da soda duka suna cin fata, suna makantar da ido, kuma idan aka sha suna ƙona maƙogwaro. A wata unguwa kusa da mu, wata mai sabulu ta jiƙa soda cikin robar ruwan sha ta ajiye a gindin randa, ɗan maƙwabciyarta mai shekara uku ya ɗauka ya kurɓa. Ya rayu, amma har yau abinci mai tauri ba ya wuce masa, kunu da madara ne abincinsa, uwarsa kuma ta sayar da duk abin da ta mallaka wajen jinya. Matar da ta ajiye sodar ba muguwa ba ce, ɗaki ɗaya gare ta, nan ne madafa, nan ne wurin sana'a, nan ne wurin wasan yara. Tun ranar nake ganin cewa babbar gudummawar da hukuma za ta bayar ita ce wuri: fili mai katanga da ƙofa da rumfa a kowace gunduma, inda mata za su yi wannan aiki nesa da yara, da ma'ajiya mai kwaɗo, da safar hannu da tabarau na kariya, da ruwa a kusa domin wanke ido idan tsautsayi ya faru.

Bayan wuri sai awo. Gashin kaza da yatsa sun yi wa kakanninmu aiki domin su da iyalinsu suke yi wa, kuma hannunsu ya saba. Wanda zai sayar wa jama'a kuwa yana buƙatar sikeli da ma'auni, domin toka ba ƙarfi ɗaya gare ta ba, ta kara dabam, ta gawo dabam, ta ɓawo dabam. Idan ruwan toka ya yi yawa sabulu ya ci fata, idan mai ya yi yawa ya ƙi kumfa ya yi wari bayan makonni. Yawancin ƙorafin da ake yi wa sabulun gida, cewa yana sa ƙaiƙayi ko yana fasa hannu, daga nan yake. Muna da Jami'ar André Salifou a garin nan, da malamai da ɗalibai masu karatun kimiyya waɗanda kowace shekara suke neman abin da za su yi bincike a kai. Ina roƙon hukuma ta nemi jami'ar ta auna ƙarfin tokar kowane irin makamashi da muke ƙonawa, ta fitar da ma'auni mai sauƙi cikin Hausa, da boko da ajami, da tiya da ludayi da lita, wanda mace da ba ta yi makaranta ba za ta iya bi. Takardar gwajin kaifi, wadda take sauya launi idan an ɗora ta bisa jiƙaƙƙen sabulu, ba ta da tsada, kuma cikin yini ɗaya ake koyon karanta ta. Sabulu mai kyau yakan tsaya wajen 9 zuwa 10 a wannan ma'auni, wanda ya haura sosai bai dace da jiki ba. Daga nan sai a riƙa aika samfuri lokaci-lokaci zuwa ɗakin gwaje-gwajen lafiya na ƙasa da ke Yamai, a kuma nemi shaidar hukumar ƙasa mai kula da ingancin kaya, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

A nan kuma ina so a ja kunnen masu talla. Sabulu aikinsa tsabta, kuma wannan kaɗai babban aiki ne. Kada a bari a rubuta a jikinsa cewa yana warkar da cututtuka goma, ko yana mai da baƙar mace fara, kada kuma a bari a zuba masa man bilicin a ɓoye ana kiransa na gargajiya. Haka nan goge haƙori da garin gawayi ko toka kullum yana kankare fatar haƙorin, asuwaki ya fi shi.

Na san za a ce mini ruwa fa? Tambaya ce mai nauyi, domin babu ɗan Damagaram da bai san layin jarkoki a bakin famfo ba, ko tsadar ƴan ga-ruwa a cikin bazara. Tace toka da wanke ƴaƴan bedi suna cin ruwa. Abin da muka koya shi ne a yi babban aikin tacewa a cikin damina da ruwan indararo, a dafa ruwan tokar har ya ƙafe ya zama gari, a adana shi cikin tulu mai murfi inda laima ba ta shiga, sai a yi ta amfani da shi har rani. Faɗuwar ƴaƴan bedi ma ta zo kusa da damina. Idan wurin da na roƙa yana da rufin kwano da tanki, yawancin buƙatar ta biya ba tare da an taɓa ruwan shan unguwa ba.

Sana'a ba ta rayuwa sai da mai saye. Makarantun gari da ɗakunan shan magani da kasuwanni da tashoshi duka suna buƙatar sabulun wanke hannu da na goge daɓe, kuma annobar kwalara ta 2021, wadda jiharmu tana cikin waɗanda ta taɓa, ta tuna mana abin da rashinsa yake jawowa. Ina ba da shawarar hukuma ta ware wani kaso na abin da take saye domin sabulun da aka yi a nan kuma ya ci gwaji, ta kuma biya a kan lokaci, saboda jarin waɗannan mata ba ya jure bashin wata uku. A ba su rumfa ɗaya a kasuwar Dole da sauƙin haraji na shekarun farko. Wajen naɗi kuma, tun 2014 akwai dokar ƙasa da ta hana ledar nan marar kauri, kuma ga kaba da takarda da ƙananan faifai da matanmu suke saƙawa, waɗanda za su ƙara wa kayan kwarjini a idon baƙo, su ba masu saƙa ciniki.

Roƙona na ƙarshe shi ne kada a ƙwace aikin daga hannun masu shi. Na sha ganin abu yana hannun mata muddin ba shi da riba, ranar da riba ta bayyana sai masu jari su shigo, matan su koma ƴan tsintar ƙwallo ana biyansu abin da bai taka kara ya karya ba. Muna da tsarin da ya riga ya kafu, wato ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maradi a 1991 suka bazu ko'ina, kuma sun iya riƙon kuɗi da rabon riba. A ba irin waɗannan ƙungiyoyi injin da wurin da sunansu, a rubuce. A kira tsofaffin da suka iya sabulun salo su koyar, a biya su ladan koyarwa kamar yadda ake biyan duk wani gwani da aka ɗauko daga nesa. A kuma sa ido kada tsintar ƴaƴan bedi ta zama dalilin fitar da yarinya daga aji, domin na yi shekaru ina kallon kujerun da talla ta bari babu kowa.

Ba na neman a fara da gari duka. A zaɓi gunduma ɗaya, gidajen burodi kaɗan, masu tuya goma ko ashirin, ƙungiyar mata ɗaya, a gwada daga wannan bazara zuwa kaka, a rubuta abin da aka tara da abin da aka kashe da abin da aka sayar, sannan a yanke hukunci bisa abin da aka gani. Mu a shirye muke mu zama na gwajin. Kowace Asabar da hantsi muna haɗuwa a Birni, tukunyar tacewa tana ɗiga, kaskon sabulu yana kan wuta, kuma za mu yi farin ciki idan kuka aiko wakili, tare da ma'aikacin lafiya da malami ɗaya daga jami'a, su zauna da mu su ga aikin tun daga toka har curi, su tafi da samfuri a gwada.

Allah ya ja zamaninku, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam,
Wata malamar makaranta mai ritaya,
Unguwar Birni, Damagaram.